Akwatin Tsuntsayen Kawu Ila

Ku da kuka taɓa gaisawa da Kawu Ila kun san ba irin gaisuwar sauran bayin Allah yake yi ba. Kowa in ya gama musabaha ƙirji yake kai hannu, shi kuwa hanci yake kai nasa. Sai ya shinshina tafinsa, ya ɗan lumshe ido, ya yanke maka hukunci nan take.

"Ƙosai ka ci. Kada ka matso."

Ko kuwa ka ji, "Man gashi ne wannan. Tsaya daga can."

Mu mata da muke durƙusawa daga nesa ma ba mu tsira ba, sai ya ce, "Ɗago hannuwan in gani." Ni Zuwaira, ɗiyar ƙanwarsa, tun ina yarinya har na yi furfura ban taɓa shiga ɗakinsa ba sai na wanke hannu da toka, na shanya shi a iska kamar wanki, sannan na goya shi a baya.

Duk wannan wahala saboda akwatin ƙarfe guda ne da ke ƙarƙashin gadonsa, an ɗora shi kan duwatsu, an zagaye duwatsun da toka don gara. A ciki akwai hotunan tsuntsaye, ba irin na kalanda ba. Tsofaffin zane ne da Turawa suka buga a littattafansu tun kakanninmu ba su zo duniya ba, takardar mai kauri ce ta yi ja-ja don tsufa, launin kuwa da hannu aka shafa shi gashi bayan gashi. Akwai shamuwa, akwai burtu, akwai tuje, akwai zalɓe, akwai waɗanda ko a dajin Yauri ba a taɓa ganinsu ba. Mabuɗin yana rataye a wuyansa, ko wanka zai yi da shi yake shiga. Kuma tsoronsa guda ne a duniya, bai taɓa ɓoye shi ba: ranar da ya rufe ido a buɗe akwatin nan a raba tsuntsayen gida-gida, su watse.

Yadda abin ya soma kuwa, wasu cikinku ba su sani ba. Yana saurayi yana aikin gandun daji a Damagaram, aka share wani tsohon ɗakin ajiya na zamanin Turawa, aka watso takardu waje, wani mai tsire na bakin tasha ya kwashe don naɗe nama. Kawu ya sayi tsire ya kai masauki, yana warwarewa sai ga cilakowa tana kallonsa ta ƙarƙashin yaji. Ya ce tun daga ranar bai ƙara barci mai nauyi ba.

Wani mai hankali sai ya koma ya ce, "Sayar mini da takardun nan." Ba Kawu ba. Shi a wurinsa in mai tsire ya gane takarda yake so, an gama, za ta fi naman daraja. Sai ya koma washegari ya cire hularsa ya miƙa.

"Zuba mini a nan. Kada ka naɗe."

"A hula, malam?"

"A hula. Amma ba ni takardata, ai da ita na saya. A'a, ba wannan ba, waccan ta ƙasa."

Haka ya yi ta yi kullum, nama a hula, takarda a ƙirji. Ƙudaje suna binsa har wurin aiki. Shi ma mai tsiren ya soma zarginsa: mutum kullum ya zo ya zaɓi takarda mai tsuntsu ya tafi da ita, wannan in ba asirin kashe kasuwa ba mene ne? Har laya ya sa aka yi masa ya rataye a jikin tukuba. Ran nan dai ya gaji, yana hango Kawu ya ɗauki sauran ƙunshin takardun duka ya jefa masa a ƙafa.

"Kwashi tsiyarka! Kada in ƙara ganin ƙeyarka a nan!"

Kuna tsammani Kawu ya yi murna? Ja da baya ya yi, ya dubi ƙunshin, ya dubi mutumin.

"A banza? Me ka sa a ciki?"

Da sanda ya ɗauke shi, kuma sai da ƙunshin ya wuni a rana kafin ya taɓa shi da hannu.

Daga nan ciwon ya kama shi sosai. Ya dawo Matameye ya zauna, amma ta'aziyyar tsohon mushe, wato malamin makarantar boko, ko tsohon akawu ba ta wuce shi, ko a Kurni ne ko a Icirnawa zai hau kekensa ya je. Ana addu'a idonsa yana yawo a bango da saman kabad. In ya tafi Kano, mutane suna Kwari suna sayen atamfa, shi yana tsugune gaban masu tsofaffin littattafai yana yi musu ƙaryar wai takardar kunna wuta yake nema.

Kuma bai taɓa nuna wa mutum tsuntsu biyu ba. Guda zai zaro, ya riƙe da kansa, ka kalla, ya mayar. Sai daga baya muka gane wanda ya zaro maka shi ne abin da ya ɗauke ka. Malam Buhari, limamin unguwarmu, kurciya aka nuna masa. Surukinsa Lawali, wanda ba ya raina tuwon gidan, carki ya samu, tsuntsun nan da ke wuni a bayan sa yana ci. Ni kuwa shekara da shekaru suda, tsuntsuwar nan mai surutu, kawai nake gani. Na ce, "Kawu, ba wani ne?" Ya ce, "In kin yi shiru na minti guda, sai a sake shawara." Ban taɓa samun ganin na biyu ba a lokacin.

Kun tuna Alhajin nan da ya zo daga tsallaken iyaka da doguwar mota, mai sayen tsofaffin kaya? Ina gidan ranar. Ya shigo zaure da ƙwaryar goro da murmushi har kunne.

"Baba, na ji an ce kana da tsofaffin takardu masu tsuntsaye."

"Wa ya ce?"

"Mutane dai."

"Waɗanne mutanen? Suna nake so."

"Ai gari duk ya sani, Baba."

"To gari ya yi maka ƙarya. Ni ko zakara ban ajiye ba."

Yana faɗa hannunsa yana damƙe da mabuɗin a wuya. Alhaji ya yi ta lallami, ya ce shi kallo kawai zai yi, ko telefon ba zai fiddo ba. Can Kawu ya tashi ya shiga, muka ji ƙarar kwaɗo, ya fito da takarda guda ya ɗaga daga nesa. Ungulu ce, wuyanta a sanƙame, tana tsaye kan mushen jaki.

Alhaji ya ce, "Kai, masha Allah! Wannan aiki ne! Babu wani?"

"Akwai. Amma kowa ɗan'uwansa nake nuna masa."

Alhaji ya yi dariyar yaƙe ya shiga motarsa. Goron da ya bari kuwa, sai da Kawu ya ba akuya guda ɗaya ya zauna yana kallonta har la'asar, sannan ya yarda aka raba.

Ba a daɗe ba gauraka ta ɓace. Wayyo, wannan rana! Gauraka ita ce sarauniyar akwatin, mai tuntun zinariya a ka. Ya buɗe da safe bai gan ta ba. Ya rufe ƙofar zaure da sakata, ya tara mu a tsakar gida: matarsa Inna Hajo, 'ya'yansa Yaya Sale da Habu, Lawali da tsautsayi ya kawo shi karin kumallo, da ni da na kawo wa Inna daddawa.

Ya soma da Inna. "Ke kika share ɗakin jiya."

"Baban Habu, shekara nawa ina share ɗakin nan? Ni da ban san gauraka daga kaza ba a takarda?"

"Abin da mai wayo zai ce ke nan."

Ya juya kan Habu, wai ya ga ya sayi sabon takalmi. Ya juya kan Lawali, wai ya ci tuwo jiya bai nemi ƙari ba, alamar zuciyarsa ba a kwance take ba. Ni laifina wai na cika tambayar ko akwai wani tsuntsu. Ya ce gidan jandarma za a je.

Yaya Sale ya ce, "Baba, mu je mu ce musu me? An sace mana tsuntsun takarda?"

"Ka ga! Har ya shirya abin da zai faɗa musu!"

Ya je ya sami Malam Buhari wai a karanta Yasin. Malam ya ce shi ba ya karanta Yasin a kan iyalin mutum saboda hoto. Kawu ya dawo yana cewa dama kurciyar nan da ya nuna masa kuskure ne. Duk daminar nan ba ya cin abinci sai Inna ta ɗanɗana a gabansa, ba ya amsa gaisuwar kowa sai da "uhm". Wallahi raina ya ɓaci, don Inna Hajo baiwar Allah ce, har rama ta yi.

Da kaka ta yi, Inna ta fiddo tsofaffin kaya tana shanyawa, ta ɗaga tsohon kakinsa na gandun daji ta ji bayan rigar ya sandare. Ta duba, an ɗinke kwali biyu a ciki da baƙin zare, irin ɗinkin da ba mai yinsa a gidan sai mutum ɗaya. Ashe ranar da Alhaji ya tafi Kawu ya ɓoye gaurakar a nan, ya manta. Ta kai masa ta ajiye a gabansa.

Ya duba. Ya farke zaren. Gauraka ta fito lafiya lau. Muka zuba ido muna jiran a ba Inna haƙuri.

"Wa ya ce ki taɓa kakina?"

Ya daɗe yana kallon ɗinkin, sannan ya girgiza kai.

"To shi ke nan. A gidan nan babu sauran wanda zan yarda da shi. Har ni."

Da yamma dai an ga ya aika an sayo wa Inna balangu, bai ce na mene ne ba.

Abin da ya karya masa gwiwa da gaske shi ne rasuwar maƙwabcinsa, tsohon mushen lakwal ɗin nan mai tarin littattafai. Kawu yana zaune aka yi rabon gado. Aka kasa littattafan kashi-kashi, na fari ya tafi gidan wannan, na biyu ya tafi gidan waccan, ba mai mugun nufi, haka shari'a ta ce kowa ya sami rabonsa. Bayan 'yan makonni ya je kasuwar Kurni aka naɗe masa ƙuli-ƙuli a shafin ɗaya daga cikinsu, har da rubutun marigayin a gefe. Ya dawo gida bai ci ƙulin ba, ya wuce wurin Malam Buhari. Ina can na kai wa matar Malam ɗinki, da kunnena na ji.

"Malam, in na mutu akwatina ma haka za a yi masa?"

"Gado gado ne, Ila. Duk abin da ka bari na magada ne."

"Sale zai sayar wa mai ungulu kafin a share makoki. Habu zai liƙa nasa a shago da ƙusa. Ba wata hanya?"

"Akwai wasiyya, in bai wuce sulusin dukiyarka ba. Sai a buɗe a kimanta."

"Wa zai kimanta?"

"Dillali."

"A'uzubillahi. Wata hanyar."

"To sai kyauta. Ka ba wanda ka yarda da shi tun kana da rai da lafiyarka, ba sai ciwon ajali ya kwantar da kai ba. A gaban shaidu."

Kawu ya ɗan saki fuska. "Wannan mai sauƙi ce. In ce na ba wane, akwatin ya ci gaba da kwana ƙarƙashin gadona."

"A'a. Kyautar da ba ta bar hannun mai ita ba, ba kyauta ba ce. Sai ya fita daga gidanka, da shi da mabuɗinsa."

"Da mabuɗin?"

"Da mabuɗin."

Kawu ya dube shi sama da ƙasa. "Malam, tsakaninka da Allah, wa ya aiko ka?"

Amma maganar ta zauna masa. Sai ya ƙirƙiro jarrabawa. Ya sayo farar takarda, ya ba kowannenmu ɗaya ana gab da damina, ya ce a ajiye masa sai kaka, bai faɗi dalili ba. Ku yi haƙuri Yaya Sale da Habu, ku taubasaina ne, dole in faɗa. Da kaka ta yi Yaya Sale ya kawo tasa da lambar telefon ɗin wani mai taki a baya. Lawali ya ce akuya ta cinye tasa, Kawu ya ce ya yarda, sai dai bai san akuya mai ƙafa nawa ba. Habu ya kawo fara fes, yana taƙama. Kawu ya ɗaga ta a rana ya mayar masa.

"Gaishe da mai kantin. Tawa na huda ta da allura a kusurwa."

Ni kuwa tawa cikin akwatin zannuwana na sa ta, tsakanin atamfa biyu, na zuba busasshen ganyen dogon yaro, don haka uwata ta koya mini ajiyar kaya. Na kawo. Ya ɗaga a rana, ga hudar allura. Ya juya gaba, ya juya baya. Ko lanƙwasa babu. Na gyara zama ina jiran sa albarka.

"Wannan tsabta ta yi yawa, Zuwaira. Me kike nufi da ni?"

Jama'a, ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Kawu, wanda ya ɓata ya yi laifi, wanda ya adana ya yi laifi! Ni ba na son tsuntsunka ko soyayye ne! Ka haƙa rami ka shiga da su!" Na yi fatali da labule na fita. Na san ban kyauta ba a ce wa kawu haka, amma ko yau aka maimaita sai na faɗa. Na ɗauke ƙafa daga gidan, Inna kawai nake aika wa gaisuwa.

Ran wata Laraba da hantsi ina kan keken ɗinki sai na ji sallama. Na leƙa, amalanken shanu ne a ƙofar gidana shaƙe da karan dawa. Na ce ni ban sayi kara ba. Sai ga Kawu can baya, yana tafe yana kallon sama kamar bai san amalanken ba, Malam Buhari da mai unguwa suna biye da shi suna danne dariya. Aka yaye karan. Akwatin ne, har da duwatsunsa.

Aka shigar da shi ɗakina. Kawu ya tsaya a tsakiya ya ce, "Ku shaida na ba Zuwaira ɗiyar ƙanwata akwatin nan da abin da ke ciki, kyauta." Ya kai hannu wuya. Igiyar ta ƙi fita ta kai, ko kuwa hannun ne ya ƙi, oho. Sai da Malam ya ce, "Ila, mabuɗin," sannan ya cire ya ajiye a tafina. Inda igiyar take a wuyansa fari sol, rana ba ta taɓa ganin wurin ba.

Na ce, "Kawu, ni da ka ce tsabtata ta yi yawa?"

"Har yanzu ban yarda da ke ba. Amma ke kaɗai kika ce ba kya so."

Daga ranar kullum da hantsi sai ya zo. Ya zauna kan tabarma a ƙofar ɗakina, in kawo masa kunu, ya sha, ya yi ta kallon ƙarƙashin gado. Ya tambayi maigidana, ya tambayi yara, ya ce tokar nan ta yi ƙaranci a ƙara. Hannunsa kuwa yana ta zuwa wuya yana dawowa wayam. Abin ya riƙa ba ni tausayi ƙwarai. Ran nan na kasa daurewa, na ciro mabuɗin na durƙusa gabansa.

"Kawu, in buɗe maka? Ka ga gaurakarka."

Ya dubi mabuɗin. Ya mayar da hannunsa ƙarƙashin riga.

"A'a."

"Ai ba wanda zai ce ka karɓe kyautarka. Kallo ne kawai."

"Zuwaira, na san kaina. In aka buɗe zan ƙirga. In na ƙirga, ban ba ki ba ke nan." Ya shanye sauran kununsa. "Bar shi a rufe. Na san suna nan."

Mutumin da ya zargi matarsa, ya zargi liman, ya zargi goro, ya zargi kansa, shi ne ya ce ya san suna nan. Ya yi ta zuwa har ƙafa ta gaza, bai ƙara ganin ko fiffike ɗaya ba. Ranar rabon gadonsa aka kasa gida da gona da keke, kowa ya ɗauki nasa lafiya, tsuntsaye suna ɗakina gaba ɗayansu, ba wanda ya fita daga cikin 'yan'uwansa.

Allah Ya jiƙan Kawu Ila, Ya ba Inna Hajo ladan haƙurin da ta yi da shi. Ya Ubangiji, bawanKa ne mai yawan bincike, amma sau ɗaya a rayuwarsa ya bar akwati a rufe ya yarda. Kai ma kada Ka buɗe nasa Ka ƙirga. Ka karɓe shi haka nan. Amin.